Neman kiɗan da ba a biyan kuɗin ƙofa: daga Tibiri zuwa Jiratawa, a kwana Maraɗi

Abin da ya tashe ni daga Yamai zuwa Maraɗi a watan Janairu na 2025 ba fatauci ba ne, ba kuma gaisuwar rasuwa ba. Gardama ce ta haɗa ni da ɗan ƙanwata. Yaron yana karatu a birnin Shikago na ƙasar Amurka, kuma a ƙarshen daminar 2024 ya aiko mini da hoto mai motsi ta salula: dubban mutane zaune bisa ciyawa cikin wani lambu na tsakiyar birni, wasu da shimfiɗarsu, wasu da kwandon abinci, tsofaffi da masu goyo, can gaba kuma makaɗa biyar bisa dakali, biyu daga cikinsu suna busa ƙahon ƙarfe. Ya ce mini wannan shi ne bikin kiɗan jaz da birnin ke yi tun shekarar 1979, kuma ko tamma ba a biya a bakin ƙofa, domin ma ƙofar babu ita. Hukumar birni da masu hannu da shuni ke sallamar makaɗan. Sa'an nan ya rufe da tambaya: "Kawu, mu don me ba mu da irin wannan?"

Na ba shi amsa irin ta manya, watau da faɗa. Na ce masa kiɗan nan da yake yi wa kallon baƙo jikan namu ne. A birnin Niyu Olins, inda jaz ya tashi a farkon ƙarni na 20, akwai wani fili da ake kira Dandalin Kwango, inda bayin da aka kwaso daga Afirka suke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa, kowa ya zo ya kalla. Na ce masa kafin Shikago ta san lambu mu mun san dandali, kuma a ƙasar Hausa ba a taɓa tsayar da talaka a ƙofa don ya ji ganga ba. Na kashe salula ina jin na yi nasara.

Da dare sai na tambayi kaina yaushe rabona da in tsaya a fili cikin jama'a ina sauraron makaɗi a garinmu. Lissafi ya kai ni Disamba ta 2015, lokacin Maraɗi Kwalliya, da aka kawo bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba a garin, aka gyara hanyoyi, aka kafa fitilu, aka yi kwanaki ana wasanni. Shekara tara ke nan. Ashe ina yi wa yaro alfahari da rumbun da ban leƙa cikinsa ba tun tuni. Gani ya kori ji; na sayi tikiti.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba. Kilomita ce fiye da 600, ta Doso, Dogonduci, Birnin Ƙonni da Gidan Rumji, kuma duk wanda ya taɓa yin ta ya san bayansa ne ke biyan rabin kuɗin mota. Na sauka ranar Talata da magariba, hunturu ya rufe gari da ƙura, na kwana gidan yayana a Bagalam.

Washegari Laraba, ranar kasuwar Tibiri, sai na fara da can. Tafiyar ba ta kai ta rabin awa ba. Tibiri gari ne da aka gina da baƙin ciki da taurin rai. Alƙalawa ta faɗi hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa suka yi ta gararamba shekara da shekaru, sa'an nan a 1836 aka yi yaƙin Gawakuke inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka kwanta dama rana guda. Bayan wannan ne Mayaƙi ya kafa Tibiri, kusa da 'yan uwansa na gudun hijira da ke Maraɗi. Mutanen da suka rasa birni, suka rasa gonaki da kaburburan iyaye, ba su yar da tamburansu a hanya ba. Sun ɗauko su tare da sarautun makaɗansu, domin sarki ba tambari bai cika sarki ba. Wanda ya tsaya a ƙofar fadar Tibiri ya ji an ambaci Bawa Jangwarzo cikin kirari, ya ga yadda dattawa masu zane a kumatu ke gyara zama, zai gane cewa a nan waƙa ita ce littafin tarihi, makaɗi kuma shi ne mai ajiyarsa.

A bakin kasuwa, wajen mahauta, na ji kalangu kafin in ga mai shi. Dattijo ne, ya haura saba'in, rigarsa ta sha wanki har ta manta launinta. Yana tsaye gefen wani mai tukuba yana matsa tsarkiyar kalangun da hammata, yana kiran taken mutumin da na ubansa. Mahaucin bai ɗaga kai ba, amma na ga wuƙarsa ta ƙara sauri, kuma da aka jima ya yanki tsoka ya miƙa, ya haɗa da dala arba'in. Mu da ke tsaye, mu kusan ashirin, har da yara masu tallan ruwa, mun sha kiɗa ba mu ba da ko dala ba. Ga amsar farko ga ɗan ƙanwata, na ce a raina. Haka tsarin yake tun asali: kowace sana'a da kiɗanta, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da 'yan bori, tambari da kakaki na sarki shi kaɗai. Mai sana'a ko mai sarauta shi ke biya, sauran jama'a su ji a banza. Wanda aka wasa ya sayi suna, talaka ya samu nishaɗi, makaɗi ya kai cefane gida.

Da rana ta take, na bi dattijon gindin wata bedi, na saya mana hura. Na ce, "Baba, sana'a tana ci kuwa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗana, da can in munka fita da kaka, sai an bi mu da jaki ana kwasar dammunan hatsi. Ban taɓa sayen riga ba sai da na yi furfura. Yanzu kowa shina da makaɗinai cikin aljihu." Ya nuna salular da ke hannuna. Na tambaye shi ko cikin ɗiyansa akwai mai karɓar kalangun. Ya ƙirga mini su da yatsu. Maza ukku ne. Guda ya tafi arewa wajen haƙar zinariya, guda yana kabu-kabu a Maraɗi, na ukkun ya yi karatu ya dawo ya ce masa roƙo ba sana'ar mumini ba ce. "Shi ka aiko min da shinkafa duk wata," in ji shi, "to mi za ni ce mishi?" Bai faɗi wannan da ɗaci ba. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan bara.

Wannan magana ta ɗan na ukku ita ce ƙashin bayan al'amarin, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Tun daga shekarun 1980 wa'azi ya yi ƙarfi a wannan jaha, kuma da yawa daga cikin attajiran da iyayensu ke yi wa makaɗa kyautar doki da riga sun mai da dukiyarsu ga gina masallatai da makarantun Islamiyya. Ba mai zargin mutum don ya gina masallaci. Amma gaskiya ita ce hannun da ke biya wa jama'a kuɗin kiɗa ya janye, wani hannun kuma bai maye gurbinsa ba. Inda abin ya fi tsanani shi ne wajen goge da bori. A Tibiri akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Mutanen garin nan ba su manta da watan Nuwamba na 2000 ba, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda aka yi a can Yamai, ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, aka ƙona mashaya, aka taɓa majami'u, aka auka wa wuraren 'yan bori. Wasan da a da ake yi a sarari da la'asar, yara bisa katanga, ya koma cikin gida bayan zaure. Na tambayi inda zan ji goge a ranar. Aka dube ni, aka dubi juna, aka ce in dawo wani lokaci.

Ranar Alhamis na nufi kudu, Jiratawa. Wanda ya baro ƙurar Maraɗi ya shigo gandarin noman rani na garin sai ya ji kamar an wanke masa ido. Fili ne na fiye da eka 500 irin ta hektar, wanda aka gyara a farkon shekarun 1980, ruwa na fitowa daga rijiyoyi da injin yana bin magudanai, ga zogale layi-layi, ga albasa, ga alkama, ga tumatir. Zogalen nan har Yamai ake cin sa. Gulbin Maraɗi da ke gefe ya kwanta yashi tsantsa. Dattawan wurin sun ce tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya ba ya kawo ruwa kamar da. Na ce da abokin tafiyata, wani malamin makaranta ɗan garin, ga lambun da ya fi na Shikago. Ya ce, "Mushe, wannan lambun aiki ne, ba na zama ba. Kowane taƙi da mai shi, kuma kowane mai shi da bashin kuɗin wuta a kansa."

A Jiratawa ban samu kiɗan gayya ba, domin ba lokacinsa ba ne, kuma noman inji ba ya neman ganga. Abin da na samu biki ne na aure a wata unguwa, da la'asar. An kafa amsa-kuwwa biyu masu tsawon mutum, wani saurayi na zaune da kwamfuta yana sako waƙoƙin finafinan Kano, 'yan mata sun yi anko suna rawa. Kyauta ne, a fili ne, kowa na iya tsayawa. Sai dai akwatin bai san sunan uban amarya ba, bai san kakarta ta yi tashe a dandali ba, kuma in tsohuwa ta shigo fili ba ya sauya kiɗa don ya girmama ta. Na tsaya kaɗan na wuce. A bayan gidan, inda ake girki, wasu mata biyar sun kifa ƙwarya cikin ruwa suna bugawa suna yi wa uwar amarya zambo, suna ƙyaƙyata dariya. Can ne bikin yake, amma ba wurin namiji ba ne, sai na gaishe su daga nesa.

Juma'a na ba Maraɗi kanta. Mai karatu da bai san garin ba ya sani cewa Maraɗin yau ba a inda Ɗan Kasawa ya zauna take ba. Sarakunan Katsina na Haɓe da aka kora daga birninsu a 1807 sun kafu a nan wajen 1819, a cikin fadama, bakin gulbi, kuma daga nan su Ɗan Mari da Ɗan Baskore suka yi ta kai yaƙi kudu. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, Nasara suka hau da mutane bisa tudu, suka yanka unguwanni da igiya, tituna miƙaƙƙu suna gicciye juna. Unguwannin suka hau da sunayensu: Bagalam, Mokoyo, 'Yan Daka, Limanci, Ɗan Gulbi, Maraɗawa. Daga baya gujiya ta kawo kuɗi, bayan gujiya fataucin iyaka ya kawo wanda ya fi shi, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a 1986 a kan Alhazan Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta samu mutum dubu 267 a birnin, kuma ko makaho ya san yau an wuce nan nesa. Zariya da Ali Ɗan Tsoho, da muke yara muna ganinsu bayan gari, sun zama cikin gari.

Na yi safiyar ina yawo da ƙafa ina neman filayen ƙuruciyata. Dandalin da 'yan matan unguwarmu ke gaɗa da farin wata, inda mai kalangu ke zuwa bayan isha'i samari su yi ta liƙa masa dala-dala, yanzu shaguna ne guda shida da wurin wankin babur. Wani filin an kewaye shi da katanga an sa ƙofar ƙarfe, ba a gina kome a ciki ba, akuya ma ba ta samun shiga. Ban ga laifin mai shago ba, shi ma abinci yake nema. Amma a duk yawon da na yi ban ci karo da wuri guda mai inuwa da ciyawa ba inda magidanci zai kai iyalinsa su zauna ba tare da an ce ya sayi wani abu ba. Matasa sun warware matsalarsu da kansu: kowace kusurwa da fadarta, benci guda, butar shayi bisa gawayi, salula tana waƙa. Mutum takwas, goma. Taron da ya fi haka sai filin kokowa mai sunan Kantu, gwarzon Maraɗi da ya fara ɗaukar takobin ƙasa a Tawa a 1975, kuma can ma sai lokacin gasa.

A nan dole in yi wa zamanin samariya adalci, ko da yake na san akwai masu karatu da za su ɓata fuska. Mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, mulkin soja ne, kuma waƙoƙin da aka sa mu rerawa da yawansu yabon gwamnati ne. Amma kowace unguwa tana da filin samariyarta, kowace shekara ana bikin matasa na ƙasa yana zagaya manyan garuruwa, kuma yaron da ke da murya ko hannu ya san inda zai kai su a ji. A 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Cikin wannan iska ce marigayi Sa'adu Bori ya fito daga Maraɗi, ya ɗauki kiɗan bori ya ɗora bisa gita da gangunan Nasara, har faifan da suka yi da Musa Pusi a 1994, mai suna Niamey Twice, ya kai kasuwannin Turai. Ya rasu a 2008. Da dimokuraɗiyya ta zo bayan taron ƙasa na 1991 mun samu bakin magana, mun samu jaridu irin wannan da kuke riƙe da ita, amma filayen samariya sun bi ruwa, makaɗa kuma suka koma jiran lokacin zaɓe.

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya a dandalin ƙofar fada. Nan kam ba a yi mini rowa ba. Dogarai da jajayen riguna, dawaki kaɗan, sa'an nan kakaki ya tsage iska, ganguna suka amsa, mai algaita ya shigo a tsakiyarsu. Na kafa masa ido. Kumatunsa sun kumbura kamar an sa masa goriba biyu, yana shaƙar iska ta hanci yana fitar da ita ta baki a lokaci guda, sautin bai yanke ba har na gaji da ƙirga. Gangunan suna riƙe da gindin kiɗan ba sa motsawa daga kai, shi kuwa yana hawa yana sauka, ya tafi nesa kamar ya ɓace, sai ya dawo daidai inda ya bar su. Wannan fa shi ne abin da mutanen Shikago ke zama bisa ciyawa su saurara: amshi tsayayye, da gwani mai yawo a kansa yana ƙirƙira nan take, abin da ya busa yau ba zai sake busa shi gobe ba. Su ma masu jaz ɗin sun san da haka. Yusef Lateef, Musulmi baƙar fata da ya tashi a birnin Ditroyit, gwanin busa ne da duniya ta sani, ya bar Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, kuma yana daga cikin kayan busarsa har da algaita. Tun kafin shi, a 1960, Louis Armstrong ya zo da ƙahonsa har arewacin Najeriya, aka ɗauke shi hoto tare da Sardauna. Su sun yi tafiyar dubban kilomita don su ji abin da mu muke wucewa ta gabansa bisa babur ba mu waiwaya ba.

Duka-duka bai fi minti ashirin ba. Sarki ya shiga gida, aka kwance kakaki gida biyu aka sa a jaka, jama'a suka watse neman abincin rana. Na lura masu busan nan babu yaro a cikinsu, in ban da guda da ke riƙe wa ubansa jaka.

Na so in koma Yamai ranar Asabar, sai yayana ya ce in ƙara kwana, wani maƙwabcin abokinsa a unguwar Zariya yana aurar da ɗa, kuma ya ɗauko 'yan gita. Bayan isha'i muka je. An toshe titi da rumfa da kujerun roba, mata a gefe guda sun sha lalle da leshi, maza a ɗaya gefen, yara kuwa ko'ina, har bisa katangar maƙwabta da rassan bedi. Ba wanda ya tambaye ni takardar gayyata. Makaɗan su biyar ne: mai gita, mai gita babba ta gindi, mai gangunan Nasara, wani saurayi mai kalangu, da wani dattijo siriri mai hular sanyi riƙe da saksofon da tsatsa ta fara ci, an ɗaure wani maɓallinsa da robar taya. Aka ce mini tsohon mabushin soja ne da ya yi ritaya. Sun fara da waƙoƙin da kowa ya sani, maroƙi yana ratsawa yana kiran sunayen dangin ango, ana fitowa ana liƙa jika-jika, ƙawayen uwar ango kuma da 'yan jika biyar ɗinsu suna ɗagawa sama kowa ya gani kafin su manna.

Wajen ƙarfe tara da rabi wuta ta ɗauke. Gita biyu suka mutu a hannun masu su, unguwa ta yi duhu, yara suka yi ihu irin wanda suka saba. Aka ruga tayar da injin, injin ya yi tari sau ukku ya ƙi. Mutane suka fara haska salula, wasu suka fara neman takalmansu. Sai yaron nan mai kalangu, da ma shi ba ruwansa da wuta, ya ci gaba da bugawa a hankali, kamar mai magana da kansa. Aka jima dattijon ya tashi daga kujerarsa, ya tako tsakiyar fili, ya sa bakin ƙahonsa. Bai busa waƙar kowa ba. Kalangu ya faɗi magana, shi ya maimaita ta, ya ƙara mata wutsiya. Kalangu ya sake faɗin wata mai wuya, dattijon ya yi shiru kamar an kayar da shi, har mata suka fara dariya, sa'an nan ya dawo da ita a juye, ya bi ta da wata doguwar busa irin ta algaita wadda ta sa wata tsohuwa rangaɗa guɗa daga cikin duhu. Mai gangunan Nasara ya ajiye sandunansa ya shiga da tafi, jama'a suka kama. Waɗanda suka sa takalmi suka zauna. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba; na dai san shayin da aka miƙo mini ya huce a hannuna ban kurɓa ba. Maroƙin ma, wanda ba a taɓa jin bakinsa ya huta ba, ya yi tsit, domin babu sunan da zai kira: kiɗan ba na ango ba ne, ba na mai kuɗi ba ne, na duk wanda ke wurin ne.

Da injin ya tashi aka koma waƙoƙin biki, aka ci gaba da liƙi. Ƙarfe goma sha ɗaya saura wani dattijo maƙwabci ya fito da carbi a hannu ya yi wa uban ango magana a kunne, cikin ladabi, cewa akwai marar lafiya a gidansa kuma akwai masu tashi sallar dare. Uban ango ya ba shi haƙuri, aka yi waƙa guda aka rufe. Ban ga wanda ya yi kuskure a cikinsu ba. Titi ba wurin kiɗa ba ne, ƙofar gidan mutane ce. An kawo kiɗan nan ne don babu wani wurin. Da hukumar gari za ta ware fili guda nesa da ɗakunan barci, ta dasa bedi da ɗan famfo, ta ce duk Asabar ta farkon wata daga la'asar zuwa magariba na makaɗa ne, da ba a tashi marar lafiya ba, da kuma wanda ba ya so bai ji ba. Kuɗin sallamar makaɗa biyar bai kai na man da motar babban mutum guda ke sha a mako ba. Garin da attajiransa suka iya jure rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, suka sake jure takunkumin 2023, ba wannan ne zai gagare shi ba. Na san akwai abin da ya fi kiɗa gaggawa: ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji suna fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, ga dubban 'yan gudun hijira da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato tun 2019. Amma yaron da ya yi shekara ashirin bai taɓa zama cikin taron farin ciki da wanda ba ɗan fadarsu ba, ban ga yadda za a ce masa gari nasa ne ba.

Kafin mu tafi na je na gaida mai saksofon. Yana goge shi da tsumma yana sa shi cikin wani tsohon akwati. Na ce, "Baba, abin nan da kuka yi da wuta ta ɗauke, me ake kiransa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ruwa. Ya ce, "Jiran wuta." Na tambaye shi ko ya san jaz. Ya ce a bariki wani shugabansu yana da faifan Armstrong, sun saurare shi har ya ƙare. Rabonsa a daren nan jika huɗu ne. Harshen ƙahon, ɗan guntun karan da ake sa wa a baki, ya ce ba a samunsa a Maraɗi, sai an yi saƙo Yamai ko Kano; wanda ke ciki ya shekara biyu, yana kankare shi da reza.

Na ɗauki kusan minti huɗu na busan nan da salulata, hoton baƙi ƙirin, sai ɗigon hasken wayoyi da muryar tsohuwar mai guɗa. A cikin motar komawa, bayan mun wuce Tibiri, na aika wa ɗan ƙanwata. Ban rubuta kome a ƙasa ba. Muna Dogonduci amsarsa ta shigo. Ya ce ya sa wa wani abokinsa mai busa ya ji, abokin ya tambaya a wane kulob ne aka yi, kuma nawa ne kuɗin shiga. Sa'an nan ya ce in tambayo masa lambar harshen ƙahon da dattijon ke amfani da ita, akwai mai zuwa gida da azumi, zai ba shi kwali guda ya kawo.